Jagoran da Ya Kai Sadaki Cikin Kogin Bolta

Kowace majalisa a Kano tana da masanin ƙasashen waje. Akwai na Saudiyya, wanda ya san kowane lungu na Jidda har da inda shinkafa ta fi araha. Akwai na Dubai, akwai na Chaina. A tamu majalisar, Gana tawa ce. Ba zaɓe aka yi ba, ba kuma gado na yi ba. Na ɗan leƙa ƙasar ne a farkon shekarun 2000, na raka wani maigidana sarin goro, na dawo da sabon takalmi da takardar sidi 2,000, shi ke nan na haye kujerar. Tun daga nan, ko ƙwallo 'yan Gana suka buga aka ci su, ni ake juyowa a tambaya dalili, ni kuwa ban taɓa rasa amsa ba.

Takardar kuɗin nan ita ce shaidar digirina, tana cikin walat ɗina kullum. A jikinta akwai hoton gadar Adomi, kuma da zarar hira ta yi sanyi sai in zaro ta in buɗe darasi. Gada ce a kan Kogin Bolta, a garin Atimpoku, ƙasa kaɗan da madatsar ruwan Akosombo. Ba ta da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ruwa. Wani ƙaton bakan ƙarfe ne aka dasa ƙafafunsa a gaɓa biyu, tazarar mita 245, sannan aka rataye titin a jikinsa da igiyoyin ƙarfe, tsawonta duka mita 334. An soma aikinta a 1955, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1957, saura 'yan makonni ƙasar ta karɓi 'yancinta daga Turawan Ingila ranar 6 ga Maris. Ta ma girmi madatsar Akosombo, wadda sai a 1965 aka gama. Kafin gadar, duk mai son tsallakawa gabas a wannan yankin sai ya je mafitar Senchi ya jira jirgin fito, inda motocin kaya kan yi kwanaki a layi. A nan nake ɗaga yatsa in rufe darasin da cewa, “Nkrumah ya kashe wahalar Senchi, har abada.” Ka riƙe wannan “har abada” ɗin, mai karatu, za ka bukace shi a gaba.

Wajen ƙarshen 2014, ɗan kawuna da sana'ar sayar da kayan waya ta zaunar a garin Ho ya ga yarinya a zangon garin, magana ta kai ga sa rana. Kawu zai je karɓar aure, limamin unguwarmu da muke kira Malam zai raka shi. Da aka zo maganar jagora, na lura kowa yana jin nauyin ambatar sunana, sai na sauƙaƙa musu na ambata da kaina. Aka damƙa mini sadaki da kuɗin goro da na alawa. Ango ya bugo waya ya ce, “Yaya, in kun tsallako iyakar Togo a Aflao ku sauka nan. Akwai motar Ho kai tsaye, babu ruwanku da kogi.” Haka ne kuwa: Ho tana gabashin Bolta, mu ma daga gabas muke tafe. Amma wa zai ɗauko dattijai biyu tun daga Kano, ta Legas da Kwatano da Lome, ya mayar da su gida ba su ga Akra ba, ba su kuma ga gadata ba? Na ce masa canji ya fi kyau a Akra. Muka wuce Aflao, muka haye Bolta ta gadar Sogakope cikin dare ina sharar barci, don kawai mu samu dalilin sake haye ta a koma inda muka fito.

A unguwar Nima ta Akra muka sauka, gidan wani tsohon abokin Kawu, ɗan kasuwar goro mai sanyin magana. Daren jajiberin ɗaurin aure, bayan an ci tuwo, ya dube ni ya ce, “Alhaji, in Ho za ku gobe, ku yi sammako tun kafin kiran assalatu, don gadar nan…” Ban bari ya sauke numfashi ba. “Gadar Adomi? Baba, ai ni za a tambaya!” Na zaro takardar, na zuba masa 1955 da 1957 da mita 245, a cikin gidansa, a cikin ƙasarsa, yaransa suna tsaye suna kallo. Bawan Allah ya saurare ni har na dire, ya gyaɗa kai ya ce, “To, madalla. Allah ya kiyaye hanya.” Sannan ya ɗauki wayarsa ya fita tsakar gida. Na ɗauka abokai zai kira ya ba su labarin irin baƙon da ya yi.

Ranar Asabar ba a yi sammako ba, domin farar shaddata ta yamutse a jaka kuma jagora ba ya shiga gidan surukai a yamutse. Sai da aka nemo mai guga, aka kafa hula, aka feshe jiki da turare. Sadakin na sa shi a ambulan na tura can ƙasan aljihun wando, inda ɓarawo sai ya yi sallama kafin ya kai. Hantsi ya dubi ludayi muka yi shatar mota. Direban wani saurayi ne ɗan Nima, ya ce, “Maigida, ta Senchi za mu bi, ko mu zagaya ta Sogakope da Adidome?” Na ce, “Ta gada.” Ya ce, “An rufe gada tun watan Maris.” Na juya na ƙyafta wa Kawu ido. Wannan waƙar na san ta tun daga tashar Unguwa Uku: an rufe hanya, mai ya tashi, akwai shinge a gaba, duk don a ƙara kuɗin shata. Na dafa kafaɗarsa na ce, “Ɗan samari, kana rarrafe na hau gadar nan.” Ya ce, “Kuɗinka ne, Maigida,” ya tayar da mota.

Muka wuce Tema, muka wuce Kpong. Can gaba kaɗan sai ga layin motoci a gefen hanya ya miƙe ya karkata ta wajen kogi, ba ka ganin ƙarshensa: bas-bas, tasi, a-kori-kura, manyan motoci. Kawu ya ce, “Wannan fa, lafiya?” Ban ko ɗaga kai sosai ba na ce jana'iza ce. Na bayyana musu cewa mutanen kudancin Gana ranar Asabar suke binne gawa, da baƙaƙen kaya da jajaye, da kiɗa da taro na ban mamaki. Bayanin gaskiya ne, sai dai ba wurinsa ba ne. Malam ya leƙa ta taga ya ce, “Har da tankar mai aka zo gaisuwa?” Na ce, “Malam, mamacin babban mutum ne.” Direba ya dube ni ta madubi, ya mayar da ido kan titi, bai ce uffan ba.

Da muka shiga Atimpoku, bakan ƙarfen ya bayyana a sama tsakanin duwatsu da itatuwa, na miƙe zaune ina nuni, “Kawu, ga ta nan! Ga ta nan!” Ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne. A bakin gadar an gindaya shinge, ga allo, ga injin ɗaga kaya, ga ma'aikata da hulunan kwano. Na sauko, na saɓa babbar riga a kafaɗa, na nufi wani dattijon mai gadi da Turancin da nake ajiyewa don manyan ranaku. Na gaya masa mu baƙi ne daga Najeriya, aure za mu karɓa, mota ɗaya ce tal, ƙarama, minti ɗaya ta wuce. Ya girgiza kai. Sai na waiwayi Kawu na ce da Hausa, da ƙarfi, don na tabbata babu mai ji, “Na goro yake nema, bari in sallame shi.” Dattijon ya riƙe hannuna tun kafin ya fito daga aljihu, ya ce da Hausa tas, “Alhaji, bar kuɗinka. Ko motar za ka ba ni duka, babu titin da za ta taka. Zo ka leƙa.” Na leƙa. Can gaba, inda ya kamata a ga kwalta, an cire daben gadar, ruwa ne kore shar yana wucewa a ƙasa abinsa.

Nan ya ba ni rabin darasin da babu shi a takardata. Shekara hamsin manyan motoci masu lodi fiye da kima suna bin ta, har a 2008 aka ga tsagewa a ƙarafan da ke riƙe da titin. Aka yi faci, aka ƙayyade nauyin motar da za ta hau, tsagewa ba ta daina ba. Sai gwamnati ta samo kuɗi daga ƙasar Ostiriya, aka kawo injiniyoyinsu su sauya daben gaba ɗaya da igiyoyin da ke ɗauke da shi, aka rufe ta a watan Maris na 2014. “An yi ta faɗa a rediyo,” in ji shi. “Ku koma Senchi ku shiga layi.” Don kada in bar wurin hannu rabbana, na zaro takardata na nuna masa cewa ni fa ba baƙon gadar nan ba ne. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, “Kai! Wannan ai tun 2007 aka daina karɓarta, da aka mayar da sidi dubu goma sidi ɗaya.” Kawu, wanda tun Kano bai ce mini komai ba, ya gyara tsayuwa ya ce, “Da alama ilimin ma tare aka daina karɓarsu.”

Muka juyo, muka shiga wutsiyar layin nan da na yi wa jana'iza. Malam ya ɗaga hannu ya ce, “Allah ya ji ƙan mamaci,” direba ya amsa da amin mai ƙarfi. Senchi ke nan, wadda Nkrumah ya kashe har abada, ga ta da ranta da lafiyarta, jiragen fito suna kwasar motoci kaɗan-kaɗan suna kaiwa suna komowa. Kasuwar bakin gada ma ta taso ta biyo layin. Wata mai talla ta gaya mini cewa da, in abu ya kama ta a Juapong, can hayin kogi, takan je ta dawo kafin ruwan tuwonta ya tafasa, yanzu kuwa tafiyar wuni ce. Ma'aikaci, ɗan makaranta, mai kai mara lafiya asibiti, kowa sai ya sake lissafin ranarsa. Garuruwan da suka yi shekaru suna zaman unguwa ɗaya, rana guda suka tuna akwai kogi a tsakaninsu. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ga damar farfaɗo da martabata, sai na sayi abincin gargajiyar wurin don in nuna wa dattijai yadda ake ci: abolo, wato wainar masara da ake turarawa a ganye, da soyayyun ƙananan kifaye, da jatan lande, da wani baƙin yaji a leda. Kawu ya ce ya ƙoshi. Malam ya ce yana azumin nafila, wanda ban ji labarinsa ba sai a lokacin. Na cinye rabon mutum uku ni kaɗai ina yi musu sharhi, hawaye yana zuba.

Bayan azahar za a ɗaura aure, ga rana ta take tsaka, wayar Kawu sai ruri take. Daga nan dabara ta zo mini. A gefen mafitar akwai masu kwalekwale suna fiton mutane. Na ce ni zan tsallaka da sadaki, in tari mota a can, in riga su isa in tsayar da liman. Direba ya ce, “Maigida, layin fa yana tafiya, saura kaɗan.” Na yi masa kallon wanda ya riga ya yi magana sau ɗaya yau, ya isa. Mai karatu, ni mutumin Kano ne. Ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan gidanmu, sai madatsar Tiga da na taɓa hangowa daga cikin mota. Amma na tattare babbar riga na taka kwalekwalen nan da ƙafar dama, na zauna a kan wani katako tsakanin wata tsohuwa mai daron kifi da wata akuya da aka ɗaure wa ƙafafu. Abin da ba a gaya mini ba shi ne kwalekwale ma sai ya cika yake tashi. Muka zauna muna lilo a bakin gaɓa, rana tana gasa ni, ana ta loda buhunan rogo, gefen kwalekwalen yana ta kusantar ruwa, har ya zama in na miƙa yatsa zan taɓa Bolta ba tare da na sunkuya ba.

Muna barin gaɓa na fara addu'a. Na karanta ta shiga jirgi, na karanta ta fita daga gida, na karanta ta shiga kasuwa, har ta cin abinci ban bari ba. Hannuna ɗaya yana riƙe da katako, ɗayan ban san inda ya sauka ba sai da akuya ta yi kuka. A tsakiyar kogi jatan lande da baƙin yaji suka buɗe nasu taron a cikina, da ƙarar da tsohuwar nan ta waiwayo ta duba ko akuyar ce. Ina cikin wannan hali sai na ji rugugin inji a bayanmu. Jirgin fito ne ya taso da lodinsa, ya zo zai wuce mu cikin natsuwa. A sahun gaba ga motarmu. Ga Kawu a tsaye ya jingina da ƙarfe, waya a kunne, iska tana kaɗa masa riga. Ga Malam yana jan carbi. Direba ne ya fara hango ni, ya ɗaga hannu biyu ya yi kira, “Maigida! Sannu da hanya!” Na saki akuya don in ɗaga masa hannu irin na wanda komai yake tafiya bisa tsari, daidai lokacin da igiyar ruwan jirgin ta iso mu. Kwalekwale ya tashi ya sauka, ni na rungumi daron kifi, hulata kuwa ta yi sallama da ni. Na bi ta da ido tana tafe a kan ruwa da karinta tsaf, ta nufi Sogakope, hanyar da direba ya ce mu bi tun da safe.

Da muka kusa gaɓa na ga ƙasa ƙiri-ƙiri a ƙarƙashin ruwa, ga kuma abin da ke cikina ya ba ni wa'adi na ƙarshe. Mai tuƙi ya daka mini tsawa da yarensu, na ɗauka jinjina ce, na yi tsalle. Abin da na ɗauka ƙasa, laka ce. Na nutse har ƙugu, babbar riga ta buɗe a kan ruwa ta kewaye ni, na ciro ƙafar dama da takalmi, ta hagu ta fito ita kaɗai. Matan kwalekwalen suka yi dariya har ɗaya ta zauna a kan rogo, sannan suka jawo ni, tsohuwar ta ɗebi ruwa da daronta na kifi ta sheƙa mini don laka ta fita. Ban tsaya godiya ba na ari buta na shige bayan wasu itatuwa. Ina can ina jin hon ɗin motarmu, a hankali, da ladabi, ana jiran jagora. Da na fito, direba ya riga ya shimfiɗa buhu a kujerata, ya kuma sauke gilasai duka huɗu.

Bayan la'asar muka shiga zangon Ho, muka tarar ana naɗe tabarmi. An ɗaura aure tun ɗazu. Ashe wayar da mai masaukinmu na Nima ya fita ya yi da daddare, iyayen amarya ya kira ya ce su tanadi wanda zai tsaya wa ango, domin baƙi sun zo da jagora masani. Wayar da na ga Kawu yana yi a kan jirgi kuwa, wakilci yake ba wani dattijon zango. Abu ɗaya ne ya gagara a waya. A danginmu kaf, tun kakanni, sanƙira “lakadan ba ajalan ba” yake shela. Wannan ne auren farko da aka ce sadaki ajalan, da aka tambayi zuwa yaushe, aka ce sai ya fito daga kogi. Na ciro ambulan ɗin ya zama kunu. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan surukai, aka ɓamɓare takardun sidi ɗaya bayan ɗaya aka jera su a rana, kowace da dutse a kanta, aka sa yara gadi da tsumagiya saboda kaji. Ni kuma aka ara mini jallabiyar ƙanen amarya wadda ta tsaya mini a gwiwa, da silifas ɗin banɗaki, kowace ƙafa da launinta. A haka aka ɗauki hoton dangi, kuma da yake ni ne babban wan ango, a tsakiya aka sa ni. Kakar amarya ta leƙo ta ƙare mini kallo ta ce, “Wannan ne Sarkin Ruwan? Ango, ka ce masa in ya sake zuwa ya taho mana da kifi.” Sarautar ta riga ni isa Kano.

Ta Aflao muka koma, Kawu ne ya yi jagora, ba mu ga ko rafi mai suna ba. Gadar Adomi kuwa ta ci gaba da zama a rufe har watan Disamba na 2015, lokacin da Shugaba John Mahama ya sake buɗe ta da sabon dabe da sababbin igiyoyi, mutanen Atimpoku da Juapong suka koma zaman maƙwabta. Sun sha wuyar layi kusan shekara biyu, amma gadar da aka rufe don gyara ta fi wadda aka ƙyale har ta rufe kanta da motoci a kai. Saboda haka, ɗan'uwa, ko ka haddace shekarar da aka gina gada da tsawonta da sunan wanda ya buɗe ta, in direba ya ce maka an rufe, ka tambaye shi ta ina za a bi, ka ja bakinka ka shiga layi.